Abin da Nashwa Ta Adana

A wani kantin magani na unguwar Sidi Gabir Hazim ya fara ganin Nashwa, a nan take aiki. Maganin mahaifiyarsa ya zo saya. Ta miƙa masa, amma ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

"Akwai wani abu ne?" ta tambaya.

"Akwai. Sai dai ba na jin kuna sayar da maganinsa."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Shekarunta talatin da bakwai. Ƙuruciyarta ta ƙare a jinyar mahaifinta, manema suka gaji da jira suka watse. Da ta ga lokaci yana ƙure mata, ta je asibiti ita kaɗai, ta sha allurai har cikinta ya kumbura, aka ciro ƙwayayen haihuwarta aka daskarar. Ko ƙanwarta ba ta sani ba.

Soyayya ta yi ƙarfi tsakaninta da Hazim. Kullum suna bakin teku suna cin gasasshiyar masara, maganar tana zuwa bakinta, tsoro yana mayar da ita.

Daliya, 'yar ƙanwar mahaifiyar Hazim, wadda ta daɗe da ƙwallafa rai a kansa, ita ta hango Nashwa tana fitowa daga asibitin ranar da ta je duba ajiyarta, ta kai labari gidansu Hazim. Kafin la'asar saƙonsa ya shigo wayar Nashwa:

"Habibti, wai an gan ki a asibitin haihuwa. Mama ta rantse ba za ta taka gidanku ba. Don Allah ki ce min ƙarya ne."

Ta rubuta masa: "Gaskiya ne, hasken idona. Amma ba abin da suke zato ba ne. Ka ɗauki waya."

Bai ɗauka ba. Ta kira har ta gaji, abinci ya gagare ta. Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta nufi gidansu.

Hajja Sawsan, mahaifiyarsa, ko wurin zama ba ta nuna mata ba. Hazim yana jingine da bango, ido jajur.

"Budurwa, me take nema wurin likitan haihuwa?"

"Jikokinku, Hajja." Nashwa ta dube ta. "Ƙwayayena na adana, don mijin da ban ma san shi ba a lokacin. Ranar da aka cire su kuka na yi, gani nake na yanke ƙauna da aure. Likita ma ya ce babu tabbas za su yi. Amma wallahi ban yi da-na-sani ba. Ɓoyewar ce kawai ke cin raina. In za ku kore ni, ku kore ni a kan gaskiya."

Hajja ta ƙura mata ido. Ita ma ta yi shekara da shekaru kafin ta sami Hazim, tana haɗiyar gorin dangin miji.

"Ke kaɗai kika je? Babu mai riƙe miki hannu?"

"Ni kaɗai."

"Kai kuma, sakarai, ka tsaya kana kallonta? Kawo mata shayi!"

Hazim ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yafe min, Nashwa. Su yi ko kada su yi, ke nake so."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Hajja Sawsan ce ta fara rangaɗa guɗa, sannan ta dafa kan amarya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya sanyaya miki rai, ya zaunar da ku lafiya."