Gwiwar Masta Kasimu

Daren da Yaya Mudi ya ba mu labarin nan, an ɗauke wuta tun kafin isha'i. Ɗan kawunmu ne, ya girme mu nesa ba kusa ba, kuma ba ya son a katse shi in yana magana. Muna zaune a tabarma a tsakar gida, ni da ƙanena Jamilu da ƙanwarmu Balaraba. Jamilu ne ya jawo zancen, da ya ce shi in ya girma fim ɗin faɗa zai riƙa yi. Yaya Mudi ya ja tsaki, ya ajiye kofin shayinsa.

"Fim ɗin faɗa," in ji shi. "Matso nan, sarkin rawar kai. Ladidi, kashe tocilan nan. Kun san Ilu, mai kawo mana ruwa a kura da safe? To ku buɗe kunnuwanku."

Ga yadda ya faɗa mana.

Kafin in buɗe shagon gyaran waya, na taɓa taya wasu aikin fim. Ba irin na manyan kamfanoni ba. Kyamara ɗaya ce, ita ma ta aro. Mai fim ɗin wani ne Masta Kasimu, mai koyar da kareti a filin firamare. Shi ne jarumi, shi ne mai labari, shi ne komai. Darakta kuma abokinsa ne Isiyaku, mutumin da bai taɓa iya ce masa a'a ba.

Aikina riƙe sanda. Doguwar gora ce an ɗaura makirfo a bakinta, in ɗaga ta saman kawunansu, abin ji yana toshe da kunnuwana. Kada ku raina aikin nan. Wanda ya sa abin nan a kunne yana jin abin da kowa ba ya ji. Haɗiyar yawu. Kukan cikin wanda bai karya ba. Har tafiyar kowa na haddace. Shi Masta gwiwarsa ta hagu ƙara take in ya taka, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinken tsintsiya.

Dokoki biyu gare mu. Ta farko, ba a dukan gaske. Ka kai naushi ka tsayar da shi dab da fuska, wanda aka kai wa shi zai wurgar da kansa. Ƙarar dukan daga baya ake sa ta, ni nake jibgar kabeji da muciya a ɗaki. Jamilu, rufe bakinka, ba abin dariya na zo ba ku ba. Ta biyu, da zarar darakta ya ce akshin, wato a fara, ba mai magana, ba mai shiga gaban kyamara, ko rigar wani ce ta kama da wuta, sai ya ce kat, wato a tsaya.

Ilu shi ne mai faɗuwa. Yana fitowa a yaron mugu, fuskarsa a rufe da baƙin ƙyalle. Wallahi ban taɓa ganin mai alkafura irinsa ba. Sai ya juya a sama, ya sake juyawa, ya diro ba ko ƙura. A Ramin Turawa muke ɗauka, tsohon wurin fasa dutsen nan na bayan gari, mai koren ruwa a ƙasa. Na taɓa tambayarsa wa ya koya masa.

"Wani abokina ne a ramin nan," in ji shi. "Tun ina ƙarami muke wasa."

Na ɗauka zolaya ce.

In an tashi aiki, a zauren Masta muke kallon abin da aka ɗauka. Samarin unguwa sai su cika ƙofa. Masta zai kai ƙafa, shiru. Ilu zai juya a sama, sai tafi, sai ka ji ana cewa a maimaita wajen mai ƙyalle. Na ga fuskar Masta a hasken kwamfuta. Ban so abin da na gani ba.

Rannan muna ɗaukar faɗan saman dutse. An shimfiɗa katifa a ƙasa, inda Ilu zai faɗa. Isiyaku ya ce akshin. Suka matso kusa da juna. Sai na ji Masta a kunnena, ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora.

"Yau za ka yi faɗuwar gaske."

Ya ɗirka masa ƙafa a ƙirji tun bai gyara tsayuwa ba. Ilu ya tafi ta gefe, ba ta wajen katifa ba. Na ji bayansa ya haɗu da dutse. Ƙarar nan har gobe tana kunnena.

Na yar da sanda, na ƙwalla ihu, na ruga. Isiyaku bai ce kat ba, kun ji, kyamara na kan yaron yana murƙususu. Masta ya tare ni ya wanke ni da mari.

"Wa ya ce kat? Ka ɓata min ɗauka, banza."

Daga baya ya ce tsautsayi ne. Na faɗi abin da na ji, ya ce in kunna a ji. Na'urar ɗaukar sautin tasa ce, ya riga ya goge.

Likita ya ce ƙashin baya ne. Ƙafafun sun mutu. Aka mai da Ilu ɗakin uwarsa, Inna Kuluwa, tsohuwa ita kaɗai, ita ke juya shi, ita ke kwashe masa. Masta ko sannu bai aiko ba. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ga shi yana nuna wa samari wajen faɗuwar, yana cewa ai nan ne zai sayar da fim. Na tsani mutumin nan. Ina faɗa muku ne ba ɓoye-ɓoye, na tsane shi har cikin ƙashina.

Na je duba Ilu. Ya rame, idanu sun faɗa. Ya jira Inna ta fita.

"Mudi, ka ji shi ko?"

"Na ji."

"To ka je rami ka faɗa."

"In faɗa wa wa?"

"Ka faɗa kawai. Ni ba zan iya zuwa ba, zai zaci na daina kula shi ne."

Na je da magariba, ni kaɗai. Na tsaya a bakin dutsen kamar mahaukaci, na faɗi komai da ƙarfi, har marin. Ba wanda ya amsa. Kwaɗin da ke kuka a ruwan nan ne kawai suka yi tsit gaba ɗaya. Na juyo gida ban waiwaya ba.

Ba a jima ba Masta ya aiko a kira ni, don ya rasa mai riƙe sanda. Saura faɗan ƙarshe, kuma duk garin ba wanda ya yarda ya sa baƙin ƙyallen nan. Na ce zan zo. So nake in ga yadda zai ƙare.

Da la'asar sakaliya na kama hanyar rami. Na sa abin ji a kunne ina gwada na'ura. Ina jin takuna a kan tsakuwa. Ina jin gyare. Ina jin wata akuya can nesa. Sai na ga inuwa kusa da tawa.

Mutum ne siriri, tsawon Ilu. Wandonsa ya sauko har ya rufe ƙafa. Kafaɗa da kafaɗa muke tafiya, amma taku ɗaya nake ji, nawa. Na karkata makirfo wajensa a hankali. Ba taku. Ba numfashi. Na dubi ƙasa, tsakuwa ko motsi ba ta yi a inda yake bi.

"Mai kunne," in ji shi. "Na ji saƙonka."

Muryar ba ta abin ji ta shigo ba. A ƙirjina na ji ta. Fitilar na'ura, wadda ke ƙyaftawa ko ƙuda ya wuce, ba ta ƙyafta ba.

"An ce kuna da doka."

"Akwai," na ce.

"Ka kiyaye ta yau."

Balaraba, sake min hannu, ba zuwa zai yi ba.

Da muka isa, baƙon nan ya ce wa Masta ya ji ana neman mai faɗuwa. Masta ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya gwada. Baƙon ya juya a sama, ya sake juyawa, ya diro. Irin ta Ilu sak. Isiyaku har da tafi. Aka miƙa masa ƙyallen Ilu ya ɗaura.

Mai kyamara ya ce rana ta kusa faɗuwa, a bari sai gobe, wurin nan ba na magariba ba ne. Masta ya ce jan hasken nan yake so.

Ku fahimci yadda aka tsara faɗan. A irin fim ɗin nan sai an fara lallasa jarumi, ya sha ƙasa, a ɗauka ya gama, sannan ya miƙe ya rama. Haka Masta ya rubuta wa kansa. Kowa a wurin ya san da haka.

Isiyaku ya ce akshin.

Naushin farko a baki ya sauka. Ban buƙaci kabeji ba. Masta ya ja baya, ya tofar da jini, ya zaro ido. Ya kai ƙafa da gaske, ta wuce kamar ya shuri hayaƙi. Na biyu a haƙarƙari. Na ji ƙashi ya amsa.

"Kai, tsaya," in ji Masta. "Ba haka aka tsara ba."

Isiyaku ya raɗa wa mai kyamara, ina jin sa sarai. "Ci gaba. Bai taɓa yin wasa mai kyau haka ba."

Aka ɗaga shi aka maka da ƙasa. Ya rarrafa. Aka jawo shi ta ƙafa.

"Isiyaku. Don Allah. Ku taimake ni."

Mutane sun kai goma a tsaye, wasu har murmushi suke. Jira suke jarumi ya miƙe. Ni kaɗai na san mutum ɗaya ne ke numfashi cikin masu faɗan nan biyu. Masta ya juyo da fuska wajena, ya san ni nake jin gaskiyar abu. Ya kira sunana.

Na gyara riƙon sandata, na matsar da makirfo kusa da bakinsa don kukan ya fito da kyau. Ba a ce kat ba.

Baƙon ya ja shi har saman dutsen, daidai inda Ilu ya tsaya. A nan jikin Isiyaku ya ba shi. Ya buɗe baki zai tsayar. Baƙon ya juyo ya kalle shi ta saman ƙyalle, kallo ɗaya. Bakin Isiyaku na motsi, ba abin da ke fita. Sannan baƙon ya sunkuya a kunnen Masta. Wannan karon fitilar na'ura ta ƙyafta, kuma muryar Masta ce da kanta ta fito daga bakin baƙon, ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora.

"Yau za ka yi faɗuwar gaske."

Katifa tana nan a shimfiɗe. Ta gefe Masta ya tafi.

Baƙon ya diro bayansa. Ya durƙusa, ya shafa ƙafafun Masta daga cinya zuwa tafi, kamar mai zare wa yaro wando. Ya naɗe wani abu da ba ma gani, ya saƙale a kafaɗa. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya.

"Ka kiyaye doka," in ji shi. "Ka gaishe min da abokina."

Ya gangara wajen koren ruwan nan. Aka kira salla a gari. Sai a lokacin muryar Isiyaku ta dawo, ya ce kat, ba wanda ya ma saurare shi.

Da aka duba abin da aka ɗauka, Masta ne shi kaɗai a ciki, yana tashi sama yana faɗuwa, yana roƙon iska. Fim bai fito ba. Masta yana nan da rai, a keken guragu, ƙanensa ke tura shi. Kuna ganin sa ranar Juma'a a bakin masallaci. In kuna jira in ce na ji tausayinsa, za ku kwana a nan.

Washegari da sassafe Inna Kuluwa ta zo tana buga mana ƙofa, ko mayafi babu. Na bi ta a guje. Na tarar da Ilu a tsaye a tsakar gida, ya dafa bango, yana kallon ƙafafunsa kamar bai san su ba. Ya tako zuwa wajena. Na saurara. Sai da na zauna a ƙasa.

Bai ƙara yin alkafura ba. Ya ce ƙafafun ba su iya ba.

Yaya Mudi ya ɗauki kofinsa, shayin ya huce.

"Don haka, Jamilu, in ka ga dama ka yi fim ɗinka. Amma hanyar Ramin Turawa, kada in ji ɗayanku ya bi ta shi kaɗai, balle rana ta yi ja. Wanda ke can ba ya wasa a kan abokinsa, kuma ba ya mantuwa. In ka taɓa cin zalin wani, to ko da rakiya kada ka bi. Ku tashi ku kwanta."

Ba wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Da safe muna karyawa muka ji an tsayar da kura a ƙofar gida. Ilu ya yi sallama, ya shigo da jarka a kowane hannu, yana yi wa Balaraba tsiya kamar kullum. Jamilu ya ajiye cokalinsa a hankali.

Ilu ya ratsa tsakar gida zuwa randa. Ƙas, ƙas, ƙas, ta hagu.