Fitilun Filin Zailani

Lauratu tana kwashe tuwo, ladan yana gyaran murya don kiran magariba, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinsu. Ta yi tsaki, ta ce yaran unguwar nan ta Yalwawa sai addu'a. Na biyu ya dira a tsakar gida, dab da murhu. Ta kai hannu za ta kawar da shi, ta janye da sauri. Dutsen da zafi, kuma warin ƙonanniyar taya yake yi.

Mijinta, Malam Zailani, shi ke kula da filin tseren da ke bayan duwatsu, a wajen gari. Filin ya ga zamani iri-iri. Da can burtali ne, shanun Fulani ke ratsa shi. Manoma suka mai da shi masussuka, masu koyon tuƙi suka raɓa a gefe, har samari masu babura da motoci suka gano ƙasar wurin tauri gare ta, ba ta riƙe taya. Zailani, tsohon bakanike, shi ya jera matattun tayoyi ya fitar da hanya, miƙaƙƙiya daga gabas, sannan ta karya kwana mai kaifi a gindin dutse. Asabar ranar tsere ce. Sauran ranaku a yi dambe, a buga ƙwallo, da kaka a shanya riɗi. Doka ɗaya aka gada tun zamanin shanu: rana na yin ja, kowa ya tattara nasa ya bar wurin.

Zailani mutumin kirki ne, amma in ya ƙulla abu a ransa, gara ka yi magana da bango. Ya ce wannan doka ta mutanen da ba su da fitila ce. Ya kafa dogayen fitilu masu cajin rana, ya ce daga yanzu tsere har bayan magariba, injin ma ya fi son sanyi. Shi ya fara zagaya hanyar da motarsa da almuru don gwaji. A kwanar gindin dutse ya ji tayar baya ta taka wani abu mai laushi. Ya fito ya duba, bai ga ko ƙadangare ba, ya koma gida ya ci tuwonsa. Washegari ne dutsen ya faɗo gaban murhun Lauratu.

Jifa ya zama na kullum, kuma ba ya saɓa lokaci. Da almuru ya yi, kaji sun shige akurki, sai gidan ya yi tsit irin shirun da ke sa mutum jin bugun zuciyarsa. Daga nan sai duwatsu. Wani lokaci a ji kukan injin can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar wuta.

Sai abin ya koma kan Hadiyya, 'yarsu tilo, wadda ta gama sakandare a bana. Yarinya mai surutu da dariya ta zama kamar bebiya. Da yamma sai ta zauna a jikin katanga, ta miƙe ƙafafu, ta tallabe hannuwa kamar mai riƙe da jariri, tana jijjigawa. Abinci sai an yi da gaske. Wata rana Lauratu ta taɓa kafaɗarta ta kira sunanta.

"Yi a hankali," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakin yarinyar. "Kar ki tashe shi."

Lauratu ta ja da baya har ta yi karo da turmi. A asibiti aka auna komai aka ce lafiyarta ƙalau, alhali kullum ƙara zubewa take yi. Tsoro ya kama Zailani, irin wanda bai taɓa ji ba a bayan sitiyari. Da kansa ya je Aujara ya ɗauko Malam Ni'imatullahi, dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya ko da aljani yake magana.

Malam Ni'imatullahi ya zauna a tabarma bayan sallar magariba, Lauratu ta riƙe 'yarta. Ya yi ta karatu a hankali. Jifan ya tsaya. Hadiyya ta sandare, ta ɗago kai, idanunta a kan ubanta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai filin ce. Shanu sun wuce mun bari. An yi sussuka, an yi dambe, an zo da ƙarafa masu hayaƙi, duk mun bari. Rana taku, almuru namu. Lokacin nan nake fito da yarana su sha iska."

"Ke Musulma ce?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To kin san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Nawa ɗan me ya yi? Rarrafe yake a gindin dutse, mutumin nan ya bi ta kansa. Ya raba ni da nawa, zan tafi da tasa."

Zailani ya dafa bango. Lauratu tana kuka ba sauti.

"Bai gan shi ba, baiwar Allah," in ji Malam. "Kuskure ne. Yarinya kuwa ba za ki tafi da ita ba, ko za mu kwana a nan." Ya ci gaba da karatu, muryar ta yi ta nishi, har ta ce ya dakata.

"A cire fitilun," in ji ta.

"Gobe da sassafe zan sauke su da hannuna," in ji Zailani.

"Saura ɗaya." Muryar ta yi rauni. "Ku in an yi muku rasuwa, gari ke cika ƙofar gida. Ni an kashe mini ɗa, ko sannu babu. Ina zaune da shi a hannu, ina jiran wanda ya yi abin ya zo ya gaishe ni."

Malam ya juya ya dubi Zailani, ya ce wannan kam haƙƙinta ne.

Zailani ya cire takalmi. Ya matso ya durƙusa a gaban 'yar cikinsa kamar yadda ake durƙusa wa uwar mamaci, kansa a ƙasa.

"Baiwar Allah, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji muryar.

"Ni ne na yi, ban sani ba. Ki yafe mini. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne."

"Amin." Hannuwan da suka daɗe a tallabe suka sauka a hankali kan cinya. "Yanzu zan iya kai shi."

Hadiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido, ta ga baƙon malami a tabarma, ta ga ubanta durƙushe a gabanta ba takalmi, hawaye na bin gemunsa.

"Baba," ta ce da muryarta ta da, "wa ya rasu?"