Ƙugin 'Yar Mai Gyaran Rediyo

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan mai gyaran rediyo. Matarsa ta leƙa waje, ba kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya.

"Maƙwabcin nan ne," in ji ta. "Tun da ka kafa ƙarfen nan yake hararar mu."

Sati guda ke nan da maigidan ya haɗa 'yar na'urar watsa sauti, ya kafa eriyarta a kan katanga kusa da tsohuwar rijiyar gidan. Shi ma maƙwabcin yake zargi, har ranar da 'yarsu Auta ta fara ƙugi.

Ƙugi ɗaya ne miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka, kullum da faɗuwar rana. Uban ya ɗauka iya shege ne, ya murɗe mata kunne. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. A rana ta huɗu ƙugin ya soma kumbura yana motsewa, sai ga kalmomi a cikinsa da muryar tsoho.

Uban ya ce wa malamin da aka kirawo, "Malam, haka tashar rediyo ke yi. Takan saki igiyar iska wadda ba komai a kanta, sannan ta ɗora magana, igiyar ta riƙa kumbura tana motsewa daidai da muryar. Wani ne ya mayar da 'yata igiya."

Malam ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai rijiya," in ji muryar. "Ƙarfensa na ratsa gidana, jikokina ba sa runtsawa. Na yi jifa bai gane ba, sai na yi masa yaren da ya sani."

"Me kake so?"

"Yarinyar. Ta fi na'urarsa kai magana nesa."

"Ba za ka samu ba." Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin Auta ya hau karkarwa.

"Tsaya! A sauke ƙarfen, in tafi."

Maigidan ya hau katanga, ya tumɓuke eriyar. Ƙugin ya yanke. Auta ta yi atishawa, ta dubi uwarta ta ce, "Umma, ƙishirwa."

Uwar ta ɗebo ruwa, amma ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙura mata ido.

"Da wane suna nake kiranki in muna mu biyu?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali. Sai a lokacin kofin ya kai bakinta.