Batirin Malam Chaibou

"Kowa ƙasa! Fuska a rairayi!"

Marwan, shugaban 'yan fashin, shi ya yi tsawar, ya saki harsashi ɗaya sama. Masu haƙar zinari suka dinga dirowa daga bayan koriyar motar, wani ba hula, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗan Lami ya bi su ɗai-ɗai yana lalube — aljihu, ɗamara, cikin rawani, har tafin takalmi. Duk inda mai dawowa daga Tchibarakaten ke ɓoye ƙullinsa, Ɗan Lami ya sani, don shi ma ya taɓa haƙa kafin ya gane ƙwace ya fi sauƙi.

Inoussa, direbansu, bai ɗauki bindiga ba. Yana tsaye gaban tsohuwar motarsu kat-kat, kapo, wato murfin inji, a buɗe, kilen kwance noti a hannunsa. Gabansa wani dattijo ya durƙusa, hannaye a ka, akwatin kayan gyara a gefensa. Da kansa ya sauko da akwatin.

Ba tarko suka ɗana ba, kuma abin da ya fi cin Inoussa ke nan. Shirin Marwan shi ne su laɓe bayan tsauni su tare hanya. Sai motar ta mutu musu a fili tun da hantsi. Dinamo ne, abin nan da ke cika batiri in mota na tafiya. Tun a Agadez jar fitila ke kunnuwa a gaban direba, Inoussa kuwa ya san maganin ragwaye: ya ƙwanƙwasa dinamon da kile, fitila ta mutu, ya ce an gyara. In Marwan ya tambaya, sai ya ce, "Shef, ni da motar ga mun san juna." Ran nan ya ƙwanƙwasa har hannunsa ya gaji, mota ta nuna ba ta taɓa ganinsa ba.

A hamada kuwa ba a wuce motar da kaponta ke buɗe. Ko ba kwa ga maciji da mai ita, za ka tsaya, ka ba shi ruwa, ka leƙa masa inji, in ya so ku ci gaba da gabarku a gari. Shi ya sa koriyar motar ta tsaya da kanta. Direbanta, dattijon nan, ya sauko, sunansa a rubuce da farin fenti a ƙofa: Malam Chaibou. Ya yi sallama, ya leƙa, ya taɓa dinamon da bayan hannu.

"Sharbo ne, 'yan gawayin nan na cikinsa, sunka cinye, ɗana," ya ce. "Bari in duba akwatina, wataƙila a dace."

Yana sunkuye a kan akwatin Marwan ya fito da bindiga.

Kafin a jima an gama. Ɗan Lami ya ɗaure ƙullin zinari a cikin tsohuwar riga, ya ƙwace wayar hamada guda da ke motar. Marwan ya juyo.

"Inoussa, tayar muna."

"Batiri ya mutu, Shef. Ko ƙyas ba ta yi."

"Mu ɗauki tasu mana," in ji Ɗan Lami.

"Koriyar mota da suna a jiki? Wace bariyar jandarma ce ba ta san ta ba? Kai dai ba ka da kai." Marwan ya matso har Inoussa ya ji warin tabarsa. "Kai ka ce kun san juna. To faɗa mini yadda za mu bar nan. Yanzu."

Inoussa ya dubi bakin bindigar. Ba wanda ya sa masa maganar a baki, shi ya nemo ta, shi ya faɗa.

"Sai dai... batirinsu."

Malam Chaibou ya ɗago kai. Bai yi ihu ba, da ya yi da ya fi sauƙi.

"Ɗana, kai direba ne, na gani a hannunka. Ku tafi da zinarin, Allah ya ba masu shi wani. Amma ka san ba a tura mota cikin rairayi. Hanyar ga ta yanke ce, sai a daɗe ƙafar mota ba ta biyo ta ba."

Inoussa ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe kapon koriyar motar. Injin tsaf yake, ko ɗigon mai babu, irin na mutumin da ke goge shi da tsumma kowace safiya. Ya sa kile. Noti ya kwance ba gardama. Ya ɗaga batirin ya rungume.

Mace ɗaya ce a cikin fasinjojin, Hure, mai dafa wa mahaƙa abinci a can daji. Ba ta kifa fuska ba duk da tsawar Marwan. Zaune take tana kallonsa.

"Yaro," ta ce, "ka rufe fuska da rawani, amma Allah ba ya bukatar ka buɗe."

Ɗan Lami ya kwashe bidon-bidon ɗin ruwansu, wai hanya na da nisa. Inoussa ya sa ƙafa ya tura ɗaya ƙarƙashin motar ba wanda ya gani. Ya ɗaura batiri, kat-kat ta yi tari ta tashi. Suka bar mutane a tsaye cikin ƙura.

Tafiya suka yi ba rediyo, ba fanka, ba fitila, don dinamo ba ya mayar da ko ɗigon wuta, abin da ke cikin batirin shi ke nan. Inoussa bai kashe inji ba har washegari da azahar, lokacin da suka shige wani busasshen kori, hanyar ruwan damina, kusa da Tabelot suka ɓuya ƙarƙashin itatuwa. Marwan ya shimfiɗa rawani ya zazzage zinari. Ɗan Lami na ta lissafin sabuwar moto da yarinyar da za ta zauna a bayanta.

Inoussa ya ɗauki bidon zai sha. An naɗe shi da buhu an ɗinke da zare, ɗinki mai kyau, na mutum mai haƙuri. Ya kai baki, ruwan ya ƙi wucewa.

Ya san abin da ake yi a can, don duk direban hamada ya sani. Sun haƙa ƙarƙashin mota sun kwanta a inuwa. Ana auna ruwa da murfin bidon. In ya ƙare, za a kwance na radiyata a tace da rawani. In wannan ya ƙare, wani zai tashi ya ce ya hango rijiya. Tun da ya shiga sana'ar nan yake lallashin kansa cewa shi tuƙi kawai yake, hannunsa bai taɓa jini ba. Yau ƙaryar ta ƙi zama. Kunya ta kama shi, da tsoron Allah irin wanda rabonsa da ji tun yana yaro. Ya juya baya ya yi amai.

"Mi ya same ka?" in ji Marwan.

"Zafi ne, Shef." Ya goge baki. "Batirin ga ya yi ƙasa. In ba a cika shi ba, ba zai tayar da mu ba."

Ƙarya ce. Batirin Malam Chaibou sabo ne, da sauran ƙarfinsa.

"Masu garkar albasa na da fanon rana mai ba famfon ban ruwa wuta," ya ci gaba. "In kai musu su sa mini shi, kafin magariba na dawo."

Ɗan Lami ya harare shi. "Shef, kak ka bar shi shi kaɗai. Tun jiya idonsa bai yi mini ba."

Marwan ya yi dariya, ya ɗaga ƙullin da ya ware wa Inoussa ya jefa cikin aljihunsa. "Rabonsa na nan. Ka taɓa ganin wanda ya tafi ya bar zinarinsa? Je ka, direba. Kak ka daɗe."

Marwan mutum ne mai wayo, amma duk wayonsa a kan abin da mutane ke so ya tsaya. Bai taɓa tunanin akwai abin da mutum ke son saukewa ba. Ya manta kuma cewa motar da aka cire wa batiri gunki ce.

Inoussa ya saɓa batirin a kafaɗa. Ruwansa na tsatsowa yana cin riga, yana cin fata. Bai sauya kafaɗa ba. Ya ratsa garkunan albasa, ya wuce fanon rana na farko, ya wuce na biyu, manoma na yi masa sannu yana amsawa da kai. A bakin gari motocin jandarmomin sintiri biyu na tsaye ƙarƙashin itace, ana dafa shayi. Ya je ya dire batirin gaban babbansu, wani dogon mutum da ake kira Ajidan Saidou.

"Wannan fa?" in ji Ajidan. "Mun yi maka kama da garaji?"

"Na wani ne, mon adjudant. Ni na cire shi. Akwai mutane a hanyar yanke ta Tchibarakaten tun jiya da hantsi, ba mota, ba waya, bidon ɗaya."

Ajidan ya ajiye kofin shayinsa. "Su wa sunka yi?"

"Mu."

Inoussa bai so a biya ta korin ba, roƙo ya dinga yi a wuce kai tsaye wurin mutanen. Ajidan ya ce ba ya barin bindigogi biyu a bayansa. Suka zagaye wurin ta sama da ƙasa.

"Jandarma! A ajiye makami!"

Ɗan Lami ya zabura — ya faɗa mota, ya murɗa kilen tada inji. Shiru! Ya sake murɗawa, yana zagin Inoussa da uwarsa. Ya leƙo da bindiga ta taga — tau! tau! Aka mayar masa. Kansa ya faɗi gaba, bai sake motsi ba. Marwan ya ruga cikin duwatsu da ƙullin a ƙirji, santsi ya kwashe shi, ƙafa ta karye. Da aka jawo shi gaban Inoussa, bai yi zagi ba. Mamaki ne kawai a fuskarsa.

"Rabonka fa na aljihuna," ya ce.

Mota ɗaya ta tafi da Marwan da gawar. Ɗayar ta juya arewa, Inoussa a baya da ankwa, batirin tsakanin ƙafafunsa, yana nuna hanya. Iska ta shafe sawu. Sau biyu suka kafe a rairayi, aka kwance masa hannu ya haƙa kamar mahaukaci. Sai washegari da la'asar sakaliya suka hango koren abu a tsakiyar fili.

Ba wanda ya taso. Jandarmomi suka dinga jawo mutane daga ƙarƙashin motar, leɓuna a tsage, harshe a kumbure. Ana ɗiga musu ruwa, suna motsi. Inoussa na bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Wannan na da rai. Wannan ma. Hure ma, tana jingine da taya. Har ya fara cewa alhamdu lillahi, sai ya ga tabarma a gefen inuwa, an rufe wani abu da tamfal, an danne gefensa da duwatsu.

Hure ta sha ruwa, ta huta, sannan ta dube shi. Ba rawani a fuskarsa yanzu, amma ta gane shi.

"Malam Chaibou ke raba muna ruwan," ta ce, muryarta a dishe. "In an zo kansa sai ya ce azumi yake. Da rana ta faɗi ya ce ya sha, ba mu gani ba ne. Mu ma munka yi kamar mun yarda, don ƙishi ba ya barin mutum da kunya. Yau da hantsi ya cika."

Inoussa ya durƙusa. Ya so ya yi kuka, ya so wani ya mare shi. Ba wanda ya kula shi, kowa na da aikin yi.

Ajidan Saidou ya zo ya tsaya a kansa. Motar jandarma ba za ta ɗauke su duka ba, a cikin fasinjojin kuma ba mai iya tsayuwa, balle tuƙi. Ya kwance masa ankwa.

"Mayar masa da abinsa."

Inoussa ya buɗe kapo. Ya zaunar da batirin a gurbinsa, ya ɗaure notin. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya shiga, ya murɗa kile. Bugu ɗaya motar ta tashi, tana rurinta lafiya lau.

Aka ɗora Malam Chaibou a baya, fasinjojinsa suka zauna kewaye da shi. Jandarma ɗaya ya shiga gaba da bindiga, aka sa Hure a tsakiya. Inoussa ya juya kan motar zuwa Agadez. Hawaye ya hana shi ganin hanya, taya ta faɗa wani rami, gawar ta yi tsalle a baya ta dawo.

Hure ta dafa hannunsa.

"A hankali, yaro," ta ce. "Ba ya son a buga masa mota a rami."