Idon da Ya Ga Mai Wucewa

Ku matso kusa. Ku rage surutu, labarin Ashiru ɗan Gwaggo Laure zan ba ku, wanda kuke tsokana saboda baƙin tabarau.

Karatu ya kai shi ƙasar waje, ya samu aiki a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai. Can ƙarƙashin dutse, inda babu dare babu rana, masana ke farautar wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda ke ratsa dutse da mutum ba tare da an ji su ba. Da wasu na'urori, idanun gilashi, ake farautar, kowanne ya kai ƙwarya girma. Aikin Ashiru shi ne gwada su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin duhu. Ido mai lafiya, in ya shiga duhu, shiru yake yi.

Doka biyu ce. Ba a shiga mutum ɗaya. Ba a kuma kunna fitila in an ba ido wutar lantarki, don haske na makantar da shi nan take.

Ashiru kun san shi da gaggawa. Abokin aikinsa ya tafi cin abinci, shi kuwa ya shige ya ja ƙofa.

A bakin ɗakin akwai tabarma mai danƙo da ke cire ƙurar takalmi. Duk wanda ya taka, sai ta yi ƙara. Bayan shigarsa ba ta sake yi ba. Amma idon ya fara ƙyas-ƙyas, kamar ana zuba gero a faranti.

"Sannu da aiki, Ashiru."

Da Hausa. A ramin da shi kaɗai ne Bahaushe. Muryar kuma daga cikin bango take fitowa.

"Wane ne?"

"Mai wucewa. Tun kafin dutsen nan muke bi ta nan, ba wanda ya taɓa kallonmu. Wannan abin naka ya gan ni. Kunna fitila."

"Zai makance. Za a kore ni."

"Ko shi ya makance, ko kai. Zaɓi."

Ashiru ya lalubo tocila. Ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, ya danna. Ƙarar ta ɗauke ɗif.

Da ya tsaya nan, da ya tsira. Sai ya ɗan buɗe idon hagu. Ƙafafu biyu ya gani, sirara, diddige a gaba, rabinsu nutse cikin siminti kamar mai tsaye a ruwa.

"Kai ma ka leƙa," in ji muryar, da tausayi. "To, riƙe."

An kore shi, ya dawo gida. Likita ya ce idon nasa na hagu lafiyarsa ƙalau. Amma tun ranar yana ganin masu wucewar, suna ratsa bango, suna ratsa mutane.

Kada ku kuskura ku shiga duhun da aka ce a shiga mutum biyu ku kaɗai. Kuma in Ashiru ya cire tabarau ya ce ku ɗan gusa, kada ku tambaye shi dalili. Ku gusa.