Faifan Ajiyar Maman Shalele

"Anti 'yar sanda, idan babban mutum ya yi ƙarya, shi ma ana tsugunar da shi a gaban aji?"

Insifekta ta tsaya a ƙofar situdiyon ta dubi mai tambayar. Yarinya ce da ba ta wuce shekara biyar ba, hannunta na hagu cikin farin ɗauri, an rataye mata shi a wuya.

"Shalele, rufa min baki!" in ji uwarta. Ta taso daga gaban kwamfuta idanunta sun yi ja. "Ranki ya daɗe, ni na kira. Faifan ajiyata aka ɗauke. Ina da awa biyar kacal."

"Awa biyar kafin me?"

Maman Shalele ta yi bayani a gurguje. Sana'arta tace bidiyo. Sati uku da suka wuce lilo ya tsinke da 'yarta a makaranta, ta karye. Makarantar ta ce lilon lafiyarsa ƙalau, yarinyar ce ta diro don rashin ji. Ashe kwana biyu kafin haka, wannan situdiyon ya je ya ɗauki bidiyon tallar makarantar. Tana cikin tace aikin ta ga lilon a bayan hoto, an ɗaure sarƙarsa da igiyar shanya, mai makarantar tana tsaye tana cewa a bar shi haka har a yi hutu.

"Yau ƙarfe huɗu kwamitin bincike zai zauna. In ba ni da bidiyon nan, maganata ce da tasu. Za a rubuta 'yata ce mai laifi, kuma lilon yana nan, sun sake ɗaure shi, yara suna hawa."

Insifekta ta dubi hannun yarinyar. Nata ɗan ma kullum sai ta ɓamɓaro shi daga kan lilo kafin su tafi gida. Ta buɗe littafinta.

"Kwafi nawa kike da shi?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ɗaya. Katin kyamarar an goge shi tuni, an yi wani aikin da shi."

Insifekta ta duba aljihun teburin. Ba a ɓalle kwaɗo ba, ƙofar waje ma ba a taɓa ta ba. Faifai biyu baƙaƙe na kwance, kowanne kamar tafin hannu, ga gurbin na uku. Kyamara mai tsada na rataye a bango, ba wanda ya kula ta.

Ta juya ga ɗan sandan da suka zo tare. "Kofur, ɓarawon da ya bar kyamara ya ɗauki wannan, ba yunwa ce ta kawo shi ba. Wa ya san abin da ke ciki?"

"Kowa a nan," in ji Maman Shalele. "Ranar da na gani kuka na fashe da shi, duk suka taru a kaina."

Su uku ne. Oga mai situdiyon, da mai kyamara, da Dogo, abokin aikinta wajen tacewa.

Da Oga aka fara. Ya zauna yana share gumi da hularsa.

"Ni da hannuna na kulle wurin nan ƙarfe biyar jiya. Ba kowa a ciki. Ranki ya daɗe, a yi abin nan cikin sirri, kar kwastomomi su ji."

"Dogo fa?"

Dogo ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. Muryarsa a sanyaye take. "Ƙarfe huɗu na tafi. Laftof ɗina ma tana wurin mai gyara tun shekaranjiya. Wallahi abin ya dame ni, Shalele ai 'yata ce."

Mai kyamara kuwa da aka keɓe shi sai ya hau kame-kame, ya ce bai shigo ba sam. Insifekta ta nuna masa batiransa biyu da ke jikin caja.

"Su suka kawo kansu?"

Ya sosa ƙeya. "To, na leƙo wajen uku. Oga ne ya ce kar in faɗa. Kallon ƙwallo ya tafi tun uku da rabi, matarsa ta ɗauka yana ofis. Makullin kuma a kan tebur ya ajiye, ya ce wanda ya yi ƙarshe ya rufe."

"Wa ya yi ƙarshe?"

"Ban sani ba, Oga na fita ni ma na tafi."

Oga ya dubi silin kamar mai ƙirga gizo-gizo. Agogon bango ya ce sha biyu da rabi.

Insifekta ta ja kujera kusa da Maman Shalele. "Nuna min aikin. Ki yi min magana kamar kina yi wa 'yarki, ni ban san kan abin nan ba."

Matar ta buɗe manhajar tace bidiyo. Allon ya cika da jajayen akwatuna.

"Kin ga, fayil ɗin aikin ba bidiyo ba ne. Takardar kwatance ce kawai, tana gaya wa manhaja ta je faifai kaza ta ɗauko yanki kaza. Shi fayil ɗin yana rumbun ofis, inda duk kwamfutocinmu ke shiga. Bidiyon kuma yana kan faifan da aka sace. Shi ya sa ya yi ja, yana cigiyar abin da babu."

"Yana faɗin inda ya gan shi na ƙarshe?"

"Yana faɗa." Ta danna, sai hannunta ya tsaya cak. "Ikon Allah. Kwamfutata da harafin E take kiran faifan nan, shekara biyu ke nan. Nan kuma G aka rubuta. Kuma an yi sebin, wato an adana aikin, jiya shida saura kwata. Ni a lokacin ina asibiti ana duba ɗaurin Shalele."

"Wato wani ya jona faifan a wata kwamfutar, ya buɗe aikinki."

"Dole ya buɗe. Faifan nan uku kamarsu ɗaya, bidiyoyin kuma lamba ce sunansu. Sai ta nan zai tabbatar wanne ne."

"To me zai sa ɓarawo ya adana aikin da ya buɗe a ɓoye?"

Maman Shalele ta girgiza kai. Insifekta ta juya ta ɗaga murya.

"Malam Dogo, zo ka taimaka mana. An ce kai ne gwani. Buɗe wani aikin ka nuna min yadda kuke yankawa."

Dogo ya zauna ya fara bayani. Insifekta ba allon take kallo ba, hannunsa na hagu take kallo. Ya ja wani yanki, yatsunsa biyu suka danna maɓallai biyu. Ya yi magana kaɗan, suka sake dannawa. Kafin minti ɗaya ya cika sun yi sau uku.

"Mene ne wannan da kake ta dannawa?"

"Wanne? Au, sebin ne. Ɗaukewar wuta ta taɓa cinye min aikin kwana huɗu, tun daga nan hannuna da kansa yake yi, ban ma san..."

Bai ƙarasa ba.

"Maman Shalele," in ji Insifekta, "ban da harafin faifai, me kuma fayil yake riƙewa?"

Matar ta fara dannawa. "Inda manhaja ke zuba ƙananan kwafinta marasa nauyi, don aiki ya yi sauri. Wanda ya yi sebin na ƙarshe, adireshin kwamfutarsa ne zai fito."

Dogon layi ya bayyana a allo. A tsakiyarsa an rubuta Dogo.

"Laftof ɗin da ke wurin mai gyara ta iya aiki daga nesa," in ji Kofur. Ya fita da makullin babur ɗin Dogo, bai yi minti uku ba ya dawo da ita, a ƙarƙashin kujerar babur ɗin ya same ta.

Dogo ya dafe kai da hannu biyu. "Mai makarantar goggona ce. Ita ta raine ni tun ina kamar Shalele. Ta kira ni tana kuka, ta ce za a rufe mata makaranta. Me zan ce mata?"

"Ina faifan?"

"Na fasa shi da guduma. Na jefa a kwata."

Maman Shalele ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. "Dogo, kai ka kai mu asibiti ranar. A cinyarka ta yi kuka." Ta dubi 'yarta. "Bidiyon tatatarta ta farko yana cikin faifan nan. Da muryar babana."

Insifekta ta dubi agogo. Biyu da kwata.

Insifekta ta tura laftof ɗin gabanta. "Tashi, ba yanzu ake kuka ba. Kin ce manhaja tana zuba ƙananan kwafi. A ina ta zuba na jiya?"

Matar ta ɗago. Dogo ya rufe ido, ya faɗi lambar sirrin ba tare da an tambaye shi ba. Ta shiga adireshin da allo ya nuna, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha bakwai ya buɗe. Hoton ya ɗan dusashe, amma ga lilo, ga igiyar shanya, ga muryar mai makaranta tar: a bar shi haka har a yi hutu.

"A kwafe shi wuri uku yanzu a gabana," in ji Insifekta. "Ɗaya na ofishinmu ne. Kofur, kai Maman Shalele da bidiyon wurin kwamitin da motarmu, in ka dawo ka biya a kwance lilon nan."

Da aka zo fita da Dogo, ankwa a hannunsa, Shalele ta tare ƙofa.

"Kawu, tsugunar da kai za a yi?"

Dogon mutumin ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nata. Ya sunkuyar da kai. Kofur ya ɗaga shi suka wuce.

Kwamitin ya wanke yarinyar kafin ƙarfe biyar, lilon kuma ba wanda ya sake hawa. Amma tatatar Shalele ta tafi, ba Insifektar da za ta dawo da ita.

Ke da kike karanta wannan, kai ma haka, fayil ɗin aiki ba shi ne bidiyon ba, kuma faifai ɗaya ba ajiya ba ce. Abin da ba za ki iya sake ɗauka ba, ki kwafe shi wuri biyu yau, ɗayan ki kai shi inda makullin ofis ba ya buɗewa.