Sallama Daga Nesa

A tashar jirgin ƙasa ta Mansura da ke Doha suka haɗu, kuma da ɓari aka fara. Jidda na riƙe da kular nonon raƙumi za ta kai ɗakin bincike, Mubarik ya fito a guje ya bangaje ta. Nono ya wanke shi daga wando har takalmi.

"Malam, ba ka gani ne?"

"Ina gani mana, Hajiya Madara. Ganin ne ma ya jawo."

Ta harare shi, sai da ta ba shi baya ta yi murmushi. Ashe wuri ɗaya suka nufa. Ita 'yar Gembu ce ta tsaunin Mambila, tana digiri na biyu a Doha kan nonon dabbobi. Shi ɗan Nima ne daga Accra, aikinsa danne raƙuma da awaki a gonar makarantar idan za a ɗebi jini. Kafin wata uku waya ta fara zafi.

"Hajiya Madara, yau taguwa ta harbe ni ban ji komai ba. Wucewar da kika yi ba gaisuwa, ita ta kwantar da ni."

"Ɗan Nima, bar surutu ka sa ƙanƙara."

Matsalar ita ce yayanta Haliru, direban babbar mota mazaunin unguwar Bin Omran a nan Doha, waliyyinta tun rasuwar babansu. Shi Siddiq yake so ta aura, abokin karatunta mai shirin zama dakta. Ranar da Mubarik ya je gaida Haliru, bai ƙarasa sallama ba naushi ya same shi a baki.

"Mai kama ƙafar akuya ne zai auri ƙanwata? Ranar da abu ya taso, surutunka ne zai tsare ta?"

Mubarik ya tofar da jini da rabin haƙori. "Yaya, hannunka da nauyi. Allah ya sa haka kyautarka take."

Haliru ya ƙara masa biyu, ya wurgo shi titi. Daga ranar Jidda ta daina amsa saƙon Mubarik, tsoron kada a kashe mata shi. Shi kuwa ya ɗauka Siddiq ta zaɓa.

A haka makaranta ta tura su tsaunukan Tibet, wurin makiyaya masu kiwon yak, wasu shanu masu gashi har ƙasa. Jidda da Siddiq za su ɗebi nono, Mubarik zai riƙe dabba. Kwana biyu suna mota bayan sun sauka daga jirgi, ciyawa iya ganin ido, iska ba ta cika huhu. Tafintansu ya ja musu kunne: idan ka hango tanti, ka tsaya nesa ka ƙwala kira har a riƙe kare.

Jidda ta ji, amma abin bai zauna mata ba. Wurin sak rugagen Mambila, kuma a can wanda ya tsaya nesa yana yi wa manya ihu ba shi da tarbiyya. Rana ta uku tafinta ya tsaya duba taya, suka hango baƙin tanti yana hayaƙi.

"Ni ba zan ƙwala wa mutane kira kamar mai tallan gyaɗa ba," in ji ta. Ta taka har bakin ƙofa ta yi sallama a hankali.

Karen bai ko yi haushi ba. Girmansa ya kai ɗan maraƙi. Ya doke ta a ƙirji ta faɗi, ya yage rigar sanyinta daga kafaɗa, ya nufi wuya. Siddiq ya yar da akwatin kwalabe, ya shige mota ya danna makulli.

Mubarik ya faɗa kan karen ya cusa masa hannun hagu a baki har gwiwa, ya danne wuyansa da ƙafa yadda yake danne raƙumi. Karen ya girgiza kai, ƙashi ya yi ƙara. Jini ya feshe fuskar Jidda. Suka birgima, karen na ja, shi yana dukan hancinsa da hannu ɗaya, bai saki ba. Sai da wata tsohuwa ta fito daga tantin ta sakar masa dutse da majajjawa a haƙarƙari, ta shaƙe shi da igiya, sannan ya buɗe baki.

A cikin tanti tsohuwa ta wanke ciwon da ruwan zafi da sabulu tana faɗa da yarenta. Jidda na kuka tana ɗaure hannun da mayafinta.

"Ni na jawo maka. Wallahi ban taɓa son Siddiq ba, tsoron Yaya ne ya sa na yi shiru."

"To da kin faɗa tun a Doha, Madara, ai da mun huta da kare."

Da suka kai shi mota, ya ƙwanƙwasa gilashi da lafiyayyen hannunsa. "Dakta, buɗe mana. An ɗaure karen."

Awa biyar suka yi kafin asibiti. Hannu ya tsira, yatsu biyu dai ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Jidda ta tura wa Haliru hoton.

"Yaya, ka tambayi wanda zai tsare ni ranar da abu ya taso. Ga hannunsa. Wuyana aka nufa."

Washegari amsa ta shigo: "Ki ce ya turo manyansa."

Bayan wata huɗu aka shafa fatiha a Bin Omran bayan sallar Juma'a. Da ango ya zo gaisuwa gidan Haliru, sai ya ja birki tun daga farkon layi, ya kafa hannu a baki.

"Masu gida, a riƙe Yaya Haliru, baƙo zai shigo."

Layi ya ɗauki dariya. Haliru ya tako har inda yake, ya kama hannun mai tabo da hannuwansa biyu.

"Shigo, ƙanena. Allah ya yi muku albarka, ya tsare min kai yadda ka tsare ta."

Daga bayan labule Jidda ta ce amin.